Baƙin tabo a jikin rana

Ina tsince irin masara jiya, sai rediyo ya ce wutar da rana ke fesowa ta ƙaru, wai tana iya taɓa damina.

Kakata Hajiya Dije ta ce, "Ba yau aka fara ba. Ni ma kakata ta ce mini kafin zuwan Turawa, mutanen Maska sun ga baƙin tabo a jikin rana dab da faɗuwarta. Wasu suka shuka, wasu suka ƙi."

"To Hajiya, su wa suka dace?"

Ta ce, "Ruwa dai an yi sosai. Amma fara ta cinye gonakin."

Jama'a, wannan gargaɗi ne ko lallashi? Ni dai na kasa ganewa.