Takwaran da Baba Bai Samu Ba

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunan yayana ba. Ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu, can gaba da Ɗanbatta inda gonar wannan take manne da dangar wancan, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa. "Kai" yake ce masa, ko "wannan yaron". In abin ya matsa sai ya ce da ni, "Je ki ce da yayanki ya zo," alhali ga yayan nan a gabansa yana gyaran ƙotar fartanya. Ranar da Yaya ya fi kowa cin jarrabawa a makarantarsu, Baba tashi ya yi ya tafi duba awaki. Goggo, yayar Baba wadda ta riƙe mu bayan rasuwar Inna, ita ta leƙa turke ta same shi yana goge ido da hannun riga, ta dawo ta gaya wa Yaya. Haka suka yi ta zama, Baba ya yi shiru, Goggo ta fassara.

Yaya ya karanci aikin jinya, ya yi aiki a Kano, daga baya ya samu hanya ya tafi ƙasar Ailan. Bai daɗe da tafiya ba Goggo ta rasu, aikin fassara ya dawo kaina. Ni kuwa Allah bai ba ni haƙurinta ba. Ina aure a unguwar gaba, ni ke kai wa Baba abinci kullum, kuma ni ce mai wayar da ake ganin mutum a ciki. In Yaya ya bugo sai mu koma bayan rumbu, nan kaɗai ake samun sabis, na riƙe wayar a tsakani kamar mai raba faɗa.

A can ya auri wata Baturiya abokiyar aikinsa. Na so na ƙi ta, ban samu dalili ba. Ta koyi "ina wuni, Baba", tana faɗa har da rusunawa a gaban waya, Baba na amsawa yana kallon ƙasa.

Shekarun nan ba su yi mana daɗi ba. Taki ya gagari kowa, ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, samarin gari suka watse Kano da kudu neman na abinci. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Abin da Yaya ke aikowa shi ya rufa mana asiri, ba zan ɓoye ba. A cikin wannan hali Yaya ya gaya mini matarsa na da ciki, ni kuma na gaya wa Baba. Da ranar kasuwa ta zo ya tafi Ɗanbatta ya dawo da ɗan rago fari mai baƙin kunne.

"Baba, wannan fa?"

"Kiwo."

Kiwo, a shekarar da mutane ke sayar da nasu don ba su da abin ba su! Dusar da mata suke tankaɗewa su mayar cikin tuwo, ita Baba ke nemo wa ragon nan. Harawar waken gonarsa da ya saba sayarwa, ya ɗora ta kan rufin ɗaki ya hana kowa taɓawa. Kowa a gari ya san dalili. Duk sa'o'in Baba sun yi takwara, wasu har biyu, jikokin na bin su masallaci suna riƙe musu buta. 'Ya'yana maza dangin ubansu suka raɗa musu suna, haka aka saba. Baba kuwa ɗa namiji ɗaya Allah ya bar masa, in bai samu takwara daga nan ba to babu inda zai samu.

Su a can ba sa jira a haihu. Cikin na wata bakwai an riga an duba an ce namiji ne, an sayi gado, an yi wa ɗaki fenti, mata da miji suna zama suna jera sunaye kamar masu zaɓen atamfa. Matar ta yi adalci, ta ce da Yaya tunda a ƙasarta yaron zai tashi, sunan ya fito daga wajensa. Sai ya bugo da rana, murna fal a fuskarsa.

"Baba, namiji ne. Wane suna kake so a sa masa?"

Na ga fuskar Baba ta sauya. Mutumin da ya binne jarirai uku kafin a yi musu suna, ka ce ya raɗa wa ciki suna? Ga kuma mai tambayar, ɗan farinsa, ido cikin ido.

"Allah ya sauke ta lafiya," ya ce.

"Amin, Baba. Sunan fa?"

Baba ya miƙo mini wayar, ya ɗauki bokiti ya nufi wajen ragon.

Yaya ya yi ɗan murmushin da na san shi da shi tun muna yara, wanda yake yi in yana so ya hana kansa kuka. Na ce, "Yaya, kai ma ka san abin da yake so. Ka sa masa sunan Baba a wuce wajen."

"Na sani? Ina na sani? Shekara nawa ina jira mutumin nan ya buɗe baki ya ce mini abu ɗaya? In yana so ya faɗa da kansa. Sau ɗaya dai a rayuwa."

"Kunya ce, ba ƙi ba."

"A nan in uba yana son ɗansa gaya masa yake yi. Ina gani kullum a asibiti."

Na ce masa to shi ba a asibitin Turawa aka haife shi ba, a ɗakin Inna aka haife shi, kan tabarma. Ya kashe wayar.

Na koma kan Baba. Na same shi yana sosa wa ragon wuya. Na ce, "Baba, don Allah ka faɗa masa. Kalma ɗaya ce." Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando.

"Ni zan roƙi takwara? Abin da ake ba mutum don an ga ya isa? In na roƙa aka ba ni, me aka ba ni?"

Wata biyu ina kai gwauro ina kai mari tsakaninsu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Kowannensu ya kafe yana jiran ɗayan, kuma wallahi ban taɓa ganin mutum biyu da suka yi kama kamar su ba.

Haihuwar ta zo da wuya, sai da aka yi mata aiki, likitoci suka ce daga wannan ba ƙari. Yaya ya turo hoton yaron, ja jawur, da gashi kwance luf. Washegari ya turo sunan. Sunan mutanen Ailan ne, na tun kakannin kakanninsu, wai ma'anarsa ɗan barewa. Na zauna bakin rijiya na daɗe ina kallon rubutun. Sannan na tashi na tafi kai wa Baba labarin.

Yana ɓarar gyaɗa a zaure. Na faɗa masa. Hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba da ɓara.

"Sake faɗa."

Na sake.

"A hankali."

Ya yi ta bi na yana maimaitawa har bakinsa ya kama. Sannan ya ce, "Barewa kam mun san ta. Da akwai su nan bayan gari kafin gonaki su cinye dajin." Ya ce na gaya wa liman da wanzami ranar suna tana nan.

Na ɗauka zai fasa. Na so ma ya fasa. Amma ranar bakwai da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kawo goro da dabino, maza suka cika wajen, wasu don zumunci, wasu don rabonsu da nama tun babbar salla. Mu mata muna bayan danga muna ji. Wanzami ya zo da zabirarsa ya zauna, ba kan da zai aske. Na ji wani abokin Baba yana tsokanarsa, "To Malam, yau dai ka shiga sahun manya, an yi takwara." Aka yi dariya.

Liman ya matso ya tambayi sunan. Baba bai raɗa masa a kunne yadda ake yi ba. Ya ɗaga murya ya faɗe shi sarai, kowa ya ji.

Can wani tsoho ya ce, "Wannan kuma sunan wane sahabi ne?"

"Ni na zaɓa," in ji Baba. "Yaron ya tambaye ni tun kafin a haihu. Na ce a can zai tashi, a sa masa abin da bakinsu zai iya. Ma'anarsa ɗan barewa. Da laifi, Malam?"

Liman ya ce suna in ba shi da mummunar ma'ana ba laifi. Aka shafa Fatiha, aka ja ragon. Ni ina bayan danga na cusa mayafi a baki don kada a ji ni. Baban da ko a ciniki ba ya ƙarya, ya yi ta a gaban liman don kada a ce ɗansa ya raina shi.

An yi ƙauri, ba maijegon da za ta ci, muka raba wa maƙwabta. Baba bai taɓa naman ba, ya ce haƙori ke damunsa.

Da la'asar na bugo wa Yaya, na zazzage masa komai ban rage ba. Ban tausaya masa ba a lokacin, so nake ya ji abin da na ji. Ya ce na kai wa Baba wayar. Da na kai, ya ce, "Baba, ka yafe mini. Za a iya gyarawa, zan je ofishinsu a sa naka."

Baba yana jin sa sarai, amma ni ya kalla.

"Gaya masa an yanka rago, an shafa Fatiha. Sunan yaro ya zauna. Ki ce ya kula da maijego."

Bayan nan Baba ya riƙe sunan kamar shi ya ƙirƙiro shi. In an bugo sai ya karɓi wayar da kansa, ya kira jikan, ya ce wannan jan mutumin ko kunya ɗaya ba zai iya nomewa ba, ya ce ya zo su yi kokawa. Yaya na riƙe da yaron a cinya, yana jin sunan ɗansa sau goma a bakin da bai taɓa kiran nasa ba. Ina ganin fuskarsa a gefen hoton, ni kaɗai nake kallonta.

Baba bai ga kaka biyu bayan nan ba. Zazzaɓi ne, da damina, kafin a samo mota ya cika. Aka kai shi kafin azahar. Yaya bai samu zuwa ba sai addu'a ta waya. Masu zuwa gaisuwa daga nesa, waɗanda ba su san zancen ba, su yi mini ta'aziyya su ce, "Ina takwaran nasa? Ai shi ne Baban yanzu." Na ce babu. Na faɗa har na gaji da faɗa.

Yanzu yaron ya yi wayo, yana gudu, yana surutu da harshen uwarsa. Ina son sa, ba shi da laifin komai. Kwanan baya muna waya da Yaya, ya ce bari ya kira mini shi mu gaisa. Sai na ji ya ce, "Abba. Abba, zo." Abin da ake kiran yaron da aka sa wa sunan kakansa ke nan, don bakin 'ya'ya ba ya iya faɗin sunan uba. Ban san yaushe ya fara ba, ban kuma tambaye shi ba.

Yaron na can ƙasa yana tura motar wasa, ko waiwaye bai yi ba. Yaya ya sake kira, a hankali. Sai da uwar ta kira shi da sunansa sannan ya taso.