Inna Mai Gashi da Hannun Tsohon Tela

Kafin a gama share barandar asibiti, Inna Mai Gashi, mai gasa wa majinyata jiki, ta riga ta ɗora ruwan zafi, ta jera tawul, ta jijjiga ƙarafunan koyon tafiya ta ji ko sun yi ƙwari. Haka take tun da ƙuruciyarta har furfura ta cika mata kai. Majinyata kuwa, a bayan idonta, Marar Imani suke ce mata.

Ku tambayi tsohon telan nan da ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yansa, don tsabar ƙauna, sun hana shi ɗaga ko cokali. A ba shi a baki, a juya shi, a sa masa riga. Hannun da yake ciyar da gida da shi kullum ƙara ƙanƙamewa yake yi.

Ranar farko Inna ta ga babbar 'yarsa tana ba shi ruwa. Ta karɓe kofin, ta dire shi can ƙarshen tebur.

'Yar ta ce, "Haba Inna, Baba ne fa!"

"Na sani, 'yar nan. Tausayinku ne ke kashe masa hannu. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin jiki, in sun ɗan ji wuya, tashi suke su gyara kansu su ƙara ƙarfi. In aka shagwaɓa su, sai su kwanta. Baba, miƙo hannu."

Tsoho ya yi gumi, ya yi tsaki, har Allah ya isa ya ja mata. Ta ce ta ji, ya dai miƙa. Ta gasa hannun da tawul mai zafi, ta bi shi da tausa irin ta iyaye da kakanni. Amma da leɓensa ya fara rawa, sai ta ce na yau ya isa, wuya in ta yi yawa ita ma cuta ce.

Inna, ke ce kika yarda a zage ki don wani ya tashi. Mun sha ganin kin juya baya kina goge ido da gefen mayafi, kina tsammanin ba mai kallo.

A watan nan take ajiye aiki. Mun gode, Inna, Allah ya saka miki da alheri. Masu jinya, ku yi koyi da ita, ku bar majinyaci ya ɗan motsa. Tela dai ya koma kan keken ɗinkinsa. Kayan da Inna za ta sa ranar bankwana ma shi ya ɗinka, ya kuma hana kowa zura masa zare.