Batson Inna da Jan Injin Baba

Babu abin da ke tayar mini da hawan jini a gidana irin musun waya. 'Ya'yana biyu da suka tasa, kowa da kamfanin da yake yi wa bauta. Babbar ta ce hoton wayar ƙaninta kamar an ɗauka cikin hayaƙi, shi kuma ya ce tata ba ta kaiwa azahar sai ta nemi wuta. Sai ka ce kamfanin ya san da zamansu a duniya! Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne caja. Ga caja nan cike da gida, kowace da irin bakinta, ranar da tawa ta ɓace kuwa babu wadda za ta shiga wayata. In tsaya tsakar gida ina ta faɗa, su suna ƙunshe dariya. Uwarsu kan ce in bar su, gado ne. A nan take kashe mini baki, don gaskiya ta faɗa. Daga gidanmu na Wurno suka kwaso wannan ciwo.

Baba manomin rani ne. Na buɗe ido na gan shi yana ban ruwa da jigo, tun safe yana ja yana juyewa har kafaɗunsa su yi tauri. Da aka gama dam na Goronyo, ruwa ya zauna a gulbi har cikin bazara, sai injunan ban ruwa suka shigo fadama. Baba ya sayar da bijimi ya sayo nasa, ja wur. Daga ranar nan duniya ta rabu masa gida biyu: masu jan inji, da kuma waɗanda Allah bai nufa da gane gaskiya ba. Ƙaninsa, Baffanmu na Goronyo, koren inji gare shi, na wani kamfani daban. In suka haɗu wurin suna ko ɗaurin aure, kafin a raba goro sun fara. Baffa ya ce ja shan mai gare shi kamar an huda shi. Baba ya ce kore tari yake yi tun yana sabo. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma sai a tashi taro kowa ya kama hanyarsa babu sallama.

Wata shekara kafiretar jan inji, wadda ke ba shi mai, ta lalace, albasa kuwa ta fara ɗaura kai, lokacin da ba ta son ƙishi ko kaɗan. Labari ya kai Goronyo. Baffa, duk da musunsu, ya ɗora koren injinsa a amalanke ya aiko. Baba ya zagaya shi sau ɗaya, hannu a baya.

"Ku mai da mashi abinai," ya ce. "Ruwan koren inji ba shi shiga albasata."

Makaniken garinmu ya kawo wata kafireta, ya rantse za ta zauna daram. Baba ya juya ta a tafin hannu, ya duba tambarin da ke jikinta, ya miƙa masa.

"Ba shi na ba."

Haka muka koma ɗibar ruwa da bokiti da masaki, ni da ƙannena, muna safa da marwa tsakanin gulbi da fangalin albasa, har aka samo ta asali daga Sakkwato. Bayana bai manta ba har yau. Ran nan da muka dawo jiƙe sharkaf, Inna ta dube mu ta dubi Baba ta ce, "Malam, wai albasa ta san launin inji?" Ya ce, "Ita ba ta sani ba, ni na sani."

To amma ita Innar da ke masa tsiya, ai ta fi shi. Nata ciwon a tukunya yake.

Inna ba 'yar Wurno ba ce. Daga wani ɗan ƙauye bayan Maikujera, a ƙasar Rabah, aka kawo ta aure. Abin da ta riƙe na garinsu shi ne miyar sure, wato yakuwa, da daudawar batso. Wanda bai san batso ba, Allah ya yi masa gyaɗar dogo. 'Ya'yan sure ake dafawa har su yi laushi, a daka da ruwan toka, a rufe cikin tukunya kwana da kwanaki har su ruɓe, sannan a dunƙula a shanya. Warinsa kuwa, wayyo! In Inna ta jefa shi a miya, tun daga bakin zaure nake sanin yau na shiga uku. Cikina ya juya, yawu ya cika mini baki, idona ya kawo ruwa. Ga tsamin sure, ga wannan ɗoyi, ga tuwon dawa ja mai kama maƙogwaro. Ƙannena suna lashe kwano har da suɗe yatsu, ni ina gefe ina gutsurar gayan tuwo ina turawa da ruwa.

Kuma ba kowane batso take sawa ba. Na Wurno, a cewarta, ƙasa ce aka dunƙula. Na Goronyo gishiri ya yi masa yawa. Sai na wata ƙawarta ta ƙuruciya da ke can ƙauyensu, wadda kan aiko mata da ƙunshi ta hannun 'yan kasuwar Rabah. In ƙunshin ya iso, Inna ta kwance shi a hankali, ta kai hanci, ta lumshe ido, ta daɗe a haka. Ni kuwa in tsallake katanga in nufi fadama, gara in shaƙi hayaƙin jan inji.

Ni ne ɗan fari, saboda haka babu lallashi tsakanina da ita. Ba ta kiran sunana, ba ta zama kusa da ni, ba ta yabona gaban mutane. "Kai wanga," shi ne sunana a bakinta. In na ture kwano sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wanda bai ci ba shi sha ruwa." Na yi ta alwashi a raina cewa ranar da na mallaki gidan kaina, batso ba zai ƙetare mini ƙofa ba. Na kuwa cika. Da na samu aiki a birni na yi aure, shi ne sharaɗin farko da na gindaya wa matata.

Shekaru suka tafi. Baba ya rasu, jan injinsa na nan a kusurwar zaure ya yi tsatsa, babu mai ƙarfin halin sayar da shi. Ƙawar Inna ma ta rasu, 'yarta ta ci gaba da aiko da ƙunshin. Sai kuma 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan wajen, mutane suka watse, kowa ya nufi inda ƙafarsa ta kai shi. Ƙunshi ya daina zuwa. Inna kawai ta daina miyar sure.

Bara waccan, cikin zafin bazara, ƙanwata da ke jinyar Inna a Wurno ta kira ni.

"Yaya, Inna ta bar cin abinci. Ko kunu sai da faɗa."

"Mi taka so?"

"Miyas sure. Amma wai da batson gida."

Na iske Inna ta zube, wuyan hannunta kamar sillen kara. Likita ya ce maganin da yake ba ta ba zai yi aiki a cikin da babu komai ba, in ba ta ci ba sai dai haƙuri. Ƙanwata ta riga ta yi iya yinta. Ta sayo batso a Wurno, ta aika Goronyo, ta aika Achida. Kowanne aka yi miya aka kawo, Inna ta kai hanci, ta kau da kai wajen bango.

"Ba shi na ba."

Raina ya ɓaci, wallahi. Na fito tsakar gida ina faɗa ƙasa-ƙasa: wannan wane irin gida ne? Uba ya ƙi ruwa saboda fenti, uwa za ta ƙi rai saboda ruɓaɓɓen iri! Batso ai batso ne. Ƙanwata ta ce ita ma haka ta gani, duk ta ɗanɗana, duk daɗinsu ɗaya a bakinta. Ta miƙo mini ragowar na Achida don in gani da idona. Na kai hanci ina jiran cikina ya juya.

Shiru. Wari dai akwai, amma cikina ko motsi bai yi ba. Na shinshina na Goronyo, haka. Na Wurno, haka. Ashe tsohuwar nan gaskiya take faɗa. Ƙanwata son batso take yi, kowanne ta samu maraba ne. Ni da na yi ƙuruciyata ina gudunsa, ni kaɗai hancina ya riƙe na ainihin.

Ranar kasuwar Rabah na shirya na tafi neman ɗiyar ƙawar Inna. Na san mutanen ƙauyuka da yawa nan suka fake, amma ban san sunan 'yar ba, ban taɓa ganin fuskarta ba, Inna kuma in an tambaye ta sai ta ambaci sunan uwar da ta rasu. Na shiga layin masu kayan miya, ga ni da babbar riga da hula, ina durƙusawa gaban kowane faifai ina ɗaukar batso ina shinshinawa ina ajiyewa. Mata suka fara taɓa juna.

"Alhaji, mi kaka nema? Turare na?" in ji wata, sauran suka kwashe da dariya.

Na ce, "Wanda za ya sa ni amai nika nema."

Suka ƙara fashewa. Wata ta ce a bar ni, ƙila asiri aka yi mini. Ban kula su ba. Na gama layin kaf, rana ta take, gumi ya jiƙa mini riga, cikina lafiya lau. Ban taɓa jin haushin lafiyar cikina ba sai ran nan.

Har na juya zan nufi tasha, sai iska ta kaɗo daga wajen wata bishiyar dogon yaro a ƙarshen kasuwa. Kafin in san me ake ciki yawu ya cika mini baki. Cikina ya murɗa, idona ya kawo ruwa. Na ga zauren gidanmu, na ga kwanon sha mai lamba, na ji muryar Inna tana cewa wanda bai ci ba ya sha ruwa. Na bi warin nan kamar akuya ta ji dusa. Wata mata ce zaune a kan buhu, da ɗan faifai a gabanta, batson da ke kai bai taka kara ya karya ba.

Na dafe ciki na ce, "Baiwar Allah, ke mutuniyar ina ta?"

Ta faɗi sunan ƙauyen su Inna. Na gaya mata ko ni ɗan wane ne. Ta saki salati, ta rufe fuska da gyale. Da ta buɗe ta ce, "Inna tana da rai? Na so in aiko, ban san ta hannun wa ba." Ta ce ranar da suka taso, tukunyar batson uwarta ta ɗauko a ka, ta bar tabarmi da kwanoni. Tukunyar ba a taɓa wanke ta da sabulu ba tun zamanin kakarta, kuma in aka sauya ta, batson ba ya fitowa daidai. Ta juye duk abin da ke faifan a leda ta ɗaure, ta ce in gaida Inna, in ce mata ɗiyarta na nan.

A motar komawa Wurno fasinja suka yi ta tsaki suna leƙa ƙarƙashin kujera. Ni na rungume ledata, kaina a waje ta taga.

Ƙanwata ta yi miyar da la'asar. Tun kafin a sauke, muka ji muryar Inna daga ɗaki, siririya: "Wa yaz zaka daga gida?" Aka tashe ta zaune, aka jingina ta da filo. Ta kai hanci bisa kwanon, ta lumshe ido, ta daɗe a haka, kamar yadda take yi da ƙunshi a da. Sannan ta sa hannu. Loma ɗaya, ta biyu, ta uku. Ƙanwata ta juya baya tana share ido. Ni ina tsaye bakin ƙofa, ina numfashi ta baki.

Inna ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Ta turo kwanon gabana kaɗan.

"Kai wanga. Zo ka ci."

Tunda nake ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ita ba. Na zauna a bakin tabarma na yanko tuwo na dangwalo. Yana nan yadda na san shi, tsami da ɗoyi, bai rage komai ba. Na haɗiye da ƙyar, hawaye na zuba. Ta ce, "Har yanzu?" Na ce, "Har yanzu, Inna." Ta yi 'yar dariya, ta ƙara turo mini gefen da miya ta fi yawa. Muka cinye tas.

Ta ci gaba da cin abinci, ta tashi har tana zama tsakar gida tana yi wa jikoki faɗa. Ta ga damina, ta ga kaka. Da sanyi ya shigo Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki na koma Rabah in gaya wa matar nan. Gindin dogon yaron babu kowa. Na tambaya, wasu suka ce ta bi danginta birni, wasu suka ce ta yi gabas. Tun daga lokacin, duk kasuwar da na shiga sai na ratsa layin kayan miya, ina tafe ina buɗe hanci, ko Allah zai sa cikina ya juya.

Kwanan baya matata ta ga na cika shiru, sai ta karya sharaɗin da kanta. Ta sayo batso a kasuwar birni, ta yi miyar sure, ta ajiye a gabana. Yaran suna gefe, an fara musun waya kamar kullum. Na buɗe kwano na kai hanci. Na jira. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, miyar ta yi kyau. Na mayar da murfin a hankali.

Ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Ba shi na ba."