Kaset ɗin da Baba Wilson Ya Hana Taɓawa

Duk wanda ya saba bin layin bayan kasuwar Sabon Tasha ya san gidan Baba Wilson, don shi kaɗai ne gidan da za ka leƙa ka tarar an shanya kuɓewa da barkono a tabarma, a gefensu kuma an shanya hanjin kwamfuta. Wanke kayan cikin yake yi da ruwa da sabulu da tsohon burushin haƙori, ya ɗauraye, ya kai rana. Maƙwabta sun daɗe da yanke hukuncin cewa tun da masaƙa ta rufe kan tsohon ya ɗan taɓu. Shi kuwa ko a jikinsa. In ka tambaye shi sai ya ce ruwa ba ya kashe kwamfuta, gaggawar kunna ta kafin ta bushe ce ke kashe ta.

Ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa a Kakuri, zamanin da jiniyar tashi daga aiki ke cika titi da kekuna. Wani injiniya Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa 'yar kwamfuta ta gida, irin wadda ba ta da fuska sai an jona ta da talabijin, ba ta kuma riƙe komai a kanta sai an ɗauka mata a kaset irin na waƙa. Tun daga ranar Wilson ya kamu. Da masaƙa ta rufe, abokan aikinsa suka watse, wasu acaɓa, wasu gona, shi ya koma gyaran fanka da dutsen guga. Amma duk ɗan jari-bolan da ya wuce da tsohuwar kwamfuta a baro sai ya tare shi, har ɗaki guda ya cika. Ta farkon nan dai ita ce 'yar lele, Tsohuwa yake kiranta, har ƙarin ƙwaƙwalwa ya haɗa mata da hannunsa.

Matarsa Phoebe, wadda kowa ke kira Maman Vicky, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu, mace mai murya da baki. Shekarar da ta haifi Vicky, 'yarsu ta fari, ta tsara wata waƙa a kan kogi da ya cika ya batse amma Ubangiji ya haye da mutanensa. Wilson, wanda ko tafi ba ya iya yi daidai, ya zauna ya shigar da karin waƙar cikin Tsohuwa, sauti bayan sauti, har kwamfuta ta rera shi da 'yar muryarta ta sarewa. Ya ɗauka a kaset ya ajiye.

Kaset ne ma ya haddasa faɗan da ya fi kowanne girma a aurensu. Wata rana Phoebe ta saka ɗaya daga cikin nasa a rediyo, ta ji yana ƙara kamar gyare ya shiga kunne. Ina za ta san haka maganar kwamfuta take? Ta ce ya lalace, kuma ita ba ta zubar da abin da zai yi amfani. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar atisayen waƙar zumunta a kansu. Da Wilson ya gano, har Fasto sai da ya shiga maganar. Ya zari kaset ɗin waƙar kogi, ya gode wa Allah da ya tsira da shi, ya rubuta masa KADA A TAƁA da jan biro, ya rufe a gwangwanin biskit, ya cusa can ƙasan akwati. Shekaru suka bi ta kansa, waƙar ma sababbi suka danne ta a coci.

Sai hawan jini ya kayar da Phoebe a bakin murhu. Ta tashi da shanyewar ɓarin jiki, maganarta kuma ta tafi gaba ɗaya. Gidan da muryarta ke cikawa tun daga ƙofa ya yi tsit, kuma wannan shirun ya fi komai ci wa Wilson rai.

Ana shirin bikin godiyar kaka, Mama Juliana, shugabar zumunta, ta zo da mata suka ce za su karrama Maman Vicky da waƙarta ta kogi. Kalmomin suna kansu, karin ne ya ɓace. Wannan ta ja shi nan, waccan ta ja shi can, wata ma ta ɗora shi a kan karin wata waƙar biki. Phoebe tana kujerarta tana ji. Duk wadda ta fara sai Phoebe ta buga hannunta mai lafiya a hannun kujera, bam, bam. Daga ƙarshe ta juya fuska bango, hawaye na bin gefen bakin da ya karkace.

"Baba, mu bar shi kawai," in ji Mama Juliana. "Muna ƙara mata ciwo ne. Za mu yi mata wata."

"Ba za ku yi wata ba," in ji Wilson. "Waƙar tana nan cikin akwati. Ku ba ni lokaci."

Abin da bai faɗa musu ba shi ne Tsohuwa ta daɗe da daina tashi. Ya buɗe ta ya tarar 'yan gwangwanayen da ke riƙe mata wuta sun tsiyaye, ruwansu ya ci hanyoyin jan ƙarfen da ke jikin farantinta, kyankyasai kuma sun yi gari a ciki. Ya wanke, ya shanya, ya zauna da gilashin ƙara girma yana ɗinke hanyoyin da siririyar waya da dalma. Idonsa ba na da ba ne, hannun ma yana rawa, yatsunsa duk suka yi tabon ƙuna. Ya kunna, talabijin ya nuna baƙi. Ya sake buɗewa. Ya kunna, ya nuna zane-zane marasa kan gado. Da ya gano wani ɗan ƙarfe mai ƙafafu da yawa kamar ƙwaro ne ya mutu a ciki, sai ya feɗe kwamfutoci 'yan'uwanta biyu da yake ji da su don ya ciro irinsa, duka biyun kuwa matattu ne.

Ya hau keke napep zuwa Kakuri wurin Tochukwu, abokinsa mai shagon kayan rediyo tun zamanin masaƙa.

"Oga Wilson, abeg, wannan wahala na mene ne?" in ji Tochukwu. "Kawo kaset mu sa a rediyo, mu ɗauka a waya, yara za su juya maka shi yau-yau."

"Tef ɗin ya girmi 'ya'yanka," in ji Wilson. "Wataƙila juyi ɗaya ya rage masa kafin ya tsinke. Ba zan ɓata shi a rediyonka ba. Tsohuwa ce ta rubuta, ita za ta karanta."

"Taurin kai zai kashe ka."

"Ya daɗe yana gwadawa."

Tochukwu ya yi tsaki, amma ya rufe shago, suka shiga bayan kanti suna tonon buhunan tarkace har la'asar. A cikin wata karyayyar na'urar wasan yara suka sami ɗan ƙwaron. Wilson ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun gaba, hannunsa a kai har gida.

Ranar da fuskar Tsohuwa ta haska a talabijin, ɗan ɗigon nan yana ƙyaftawa yana jiran umarni, Wilson bai yi ihu ba. Tashi ya yi ya canza wa rikoda robar da ke juya kaset, ya goge kanta da auduga, sannan ya aika a kira Mama Juliana. Matan suka zo bayan atisaye da yamma, sanye da ankon zumunta, suka cika falo har baranda. Aka turo kujerar Phoebe gaba. Ya fito da gwangwanin biskit, ya buɗe a hankali kamar mai kwance wa jariri zani.

Ya buga umarni, ya danna rikoda. Sunan PHOEBE ya fito a talabijin, mata suka yi guɗa. Daga nan kuma babu abin da ya biyo baya. Tef na juyawa, Tsohuwa na jira, can sai ta rubuta cewa abin da ake ba ta ba ta gane shi ba. Wilson ya ƙura wa rikoda ido. Ya san tef ɗin na tafiya kuma ba lalle ya dawo ba. Ya miƙa hannu ya zare wayar da ta haɗa rikoda da kwamfuta, don ya ji da kunnensa inda ƙarar ta lalace.

Ba ƙarar gyare ce ta fito ba. Muryar mace ce, matashiya, da kukan jaririya a bayanta.

"Baban Vicky, wannan ma ya lalace, kuka kawai yake yi. Bari in gyara maka shi. In ka ji, kada ka yi fushi."

Ta yi gyaran murya, ta ɗauki waƙar kogi tun daga farko.

Ashe tun kafin ya rubuta jan bironsa Phoebe ta riga shi. Duk shekarun nan yana gadin abin da babu, ita kuwa ta san komai ta ja bakinta ta yi shiru. Haushi ya taso masa, ya juyo zai yi magana, sai ya ga kafaɗar Phoebe tana girgiza. Dariya take yi masa, da rabin baki, irin dariyar da ya yi shekaru yana sha. Haushin ya narke, ya rufe fuska da hannayensa masu tabo ya yi kuka a gaban matan zumunta, bai ji kunya ba.

Mama Juliana ta riga ta kunna wayarta tana ɗauka. Da waƙar ta ƙare ta ce, "To Baba, Allah ya yi. Kwamfuta sai ta huta."

"Wa ya ce?" in ji Wilson yana share ido. "An goge mata waƙarta. Sai na mayar mata."

Ya ja kujerarsa kusa da ta matarsa, ya ɗora Tsohuwa a cinya, ya fara shigar da karin daga farko. Ya buga layin farko, kwamfuta ta rera. Bam! Hannun Phoebe ya sauka a gwiwarsa. Ya gyara, ya sake. Bam! Mata suka tuntsire da dariya, shi kuwa ya ce ai dama ya saba. Haka suka yi ta yi, yana bugawa tana dukansa, har ya zo layin da kogi ya cika ya batse. Ya danna, ya ɗan janye gwiwa yana jiran duka.

Hannun bai sauka ba. Tsohuwa na busa 'yar sarewarta, sai wata murya ta bi bayanta, a shaƙe, tana tuntuɓe a kan kalmomi, amma kari bai kauce ko kaɗan ba. Wilson bai yarda ya juya ya dubi Phoebe ba, don kada ta tsaya. Ya sa yatsa ya danna waƙar ta sake komawa farko.