Azarar Cocin Tsakiyar Gari

Ruwan farko ya sauka jiya a Wudil, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuno mini da marigayi Kawu.

Magini ne. Shi ya ɗaura bakan gizon rufin cocin Katolika na tsakiyar gari, ginin ƙasa mai rufin azara, cikinsa sanyi kamar randa. Kowace bazara sai ya je ya yi masa yaɓe. In aka yi masa gori, yakan ce, "Yoyo bai san coci ba, bai san masallaci ba."

Da kuɗin mai suka shigo, aka ce siminti da kwano ake so. Tifata ce ma take kawo yashi daga kogi. Ranar da za a rushe, na tarar da shi tsaye, tafinsa a jikin bango.

"Kawu, a ɗan matsa, za a fara."

"Bari mu yi sallama, ɗan nan. In an sauke, ka ɗauko mini azara ɗaya."

Kafin in dawo da lodi na biyu, masu tuwo sun kwashe azarar duka zuwa murhu. Bai taɓa tambayata ba.

Allah Ya sa makwancinka ya fi ginin nan naka sanyi, Kawu.