Ƙaryar da Na Yi wa Baba Sani Mai Gyaran Haƙori

Ina cikin tsokanar masu layin rabon dawa aka ce mini Baba Sani mai gyaran haƙori ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ranar nake ta tunaninsa, domin akwai haƙƙinsa a kaina.

Baba ya daɗe yana aiki a lopital, wato asibiti, kafin ya buɗe rumfarsa a kasuwar Damagaram. Ba ya liƙa wa kowa ɓallin haƙori sai ya tambaya, "Ka sa masa ruwan nan mai kumfa?" Wato ruwan wanke miki da mu samari muke kurkure baki da shi don haƙora su yi fari. Yakan ce, "Haƙorin da ya sha ruwan nan ba ya riƙe danƙo. Ko a jiƙa shi da ruwan ganyen shayi, ko a jira mako biyu." A wannan fari da ko hatsi babu, na ga ya dafa ɗan ganyen da ya rage masa saboda bakin wata tsohuwa daga Gaffati, shi ya haƙura da sha.

Bara na ciji tsakuwa a cikin tuwon dawar taimako, haƙorina na gaba ya ɓalle. Baba ya duba bakina ya ce, "Kai ja'iri, wannan farin naka ne?"

Na ce, "Baba, haka Allah ya yi ni, gadon gidanmu ne."

Ya yi dariya, ya liƙa. Kwana uku ɓallin ya faɗo. Maimakon in yi shiru, sai na zagaya kasuwa da shi a tafin hannu ina cewa ko kunu ya fi danƙon Baba ƙarfi. Mutane suka yi dariya, daga nan suka daina zuwa rumfarsa. A shekarar yunwa.

Ya san gaskiya, bai tona ni ba. Da muka haɗu a masallaci cewa kawai ya yi, "Zo in sake maka, amma ka taho da gaskiyarka." Kullum sai in ce gobe.

Malaminmu na allo ya sha faɗa mana haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe. To mai shi yana kabari. Inna Hajara matar Baba, ku da yara ku ji: aikin mijinku bai taɓa lalacewa ba, ni ne na yi ƙarya. Ran kasuwa zan tsaya gaban rumfarsa in faɗa da bakina.

Allah ya jiƙan Baba Sani, ya haskaka kabarinsa, ya ciyar da marayunsa, ya ba Inna haƙuri. Ni kuma ya Allah, ka sa ya riga ya yafe mini tun kafin ya cika.