Mai Tambayar Ƙofar Baya

A Yelwa, bayan layin masu gyaran waya, akwai wani gida mai jan ƙyaure da iyaye ke kira gidan Mama Yagana. Babu allo a ƙofa, babu zanen agwagwa da ƙwallo a bango irin na sauran gidajen raino. Wanda ya sani ne ke zuwa, shi ma sai wani ya tsaya masa.

Yagana ba haifaffiyar Bauchi ba ce. Daga Damaturu suka taso ita da mijinta, direban tirela, a shekarun da garin ya ƙi zaunuwa. Sun kama haya da niyyar in abubuwa sun lafa su koma. Abubuwa suka lafa, amma kafin nan mijin ya kwanta dama, 'ya'yanta mata biyu kuma aure ya kai su wasu garuruwan. Sai ta fara rainon ɗan wata malamar jami'a. Malamar ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta gaya wa wata ɗaliba mai goyo, kafin Yagana ta ankara falonta ya cika da ƙananan katifu, kantar kicin ta cika da filas da gwangwanayen madara. Da aikin ya fi ƙarfinta ta ɗauko Patience, wata magidanciya 'yar Dass, mai ƙarfin hannu da saurin dariya.

Ita kuwa Yagana dariyarta tsada gare ta. Duk jaririn da aka kawo da safe sai ta tuɓe shi a gaban uwarsa ta duba shi daga ka har tafin ƙafa, tun ranar da wata uwa ta ɗora mata laifin ƙunar da yaro ya zo da ita daga gida. Madarar da aka haɗo sai ta sunsuna. Maganin da ba ta ga takardar asibitinsa ba, ba ta ba yaro. Ɗalibai suna cewa ta cika zargi, amma da sun haihu ƙofarta suke bugawa.

Wata safiya, bayan iyaye sun gama sauke yara, wani mutum ya yi sallama. Siriri ne, fari, da hular da rana ta cinye wa launi. Ya ce sunansa Hammajoda, yana neman inda zai riƙa kawo ɗansa.

"Ina yaron?" in ji Yagana.

"Yana wurin uwarsa, Mama."

"Wa ya turo ka nan?"

"A gari na ji."

Wannan amsar ba ta yi mata ba, amma ta ba shi kujera a zaure. Ta saba da tambayoyin iyaye: me ake ba yara, wa ke sauya musu famfas, ana dukansu ko ba a duka, yaushe ake tashi. Shi bai taɓa ko ɗaya ba.

"Mama, gidan nan yana da ƙofar baya?"

Ta dube shi da kyau. "Me ya sa?"

"Ina dai tambaya. In wani ya zo ya ce uwar yaro ce ta aiko shi, kuna ba shi yaron?"

"Ba ma bayarwa."

"Ko ya faɗi sunan yaron daidai? Ko ya nuna saƙo a waya?"

"Malam, ka kawo yaron tukuna."

Ya yi godiya ya tafi. Yagana ta daɗe a zauren tana juya maganar. Da ta shiga ciki sai ta ƙirga yaran, duk da ta san ba wanda ya fita.

Bayan kwana biyu ya dawo, har yanzu hannu rabbana. Wannan karon so yake ya san lokacin da ita kanta take fita kasuwa, da wanda take bar wa gidan, da ko yaran suna barci duka a lokaci guda. Ya nemi ya leƙa ɗakin barcin. Ta ce ba a shiga. Yana magana idonsa na komawa titi, kamar mai jiran a ba shi alama.

Da ya fita Patience ta bi shi da ido ta ramin ƙyaure, ta dawo tana haki.

"Mama, keke napep gare shi. Ya ajiye shi can wajen Amos mai faci, bai kawo ƙofa ba. Kuma akwai mace a baya, ta rufe jiki da babban hijabi. Tun da ya shigo idonta na kan gidan nan. Wancan zuwan ma na gan ta."

Ba a daɗe ba da labarin ɓatan wani yaro ya zagaya wayoyin matan unguwa, kowa da irin nasa ƙarin. Mutum da keke, mace da hijabin da zai ɓoye jariri, ga tambayar ƙofar baya. Me ya rage? Ranar Yagana ta sa aka ƙara sakata. Ta kira iyayen yaran ɗaya bayan ɗaya ta ce kada wanda ya aiko ƙane ko maƙwabci ɗaukar yaro. Da yamma ta taka har wurin Amos, ta ce in ya sake ganin keken nan ya sa ido, akwai abin da bai kwanta mata ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Amma magana in ta fita daga baki a bakin titin Yelwa, ba ta tsayawa yadda aka faɗe ta.

A farkon mako Hammajoda ya sake sallama. Yagana ta tare shi a bakin zaure, ba ta ba shi kujera ba.

"Bawan Allah, yau sai ka faɗa mini gaskiya. Wace ce matar da kake ajiyewa a keke?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai hayaniya ta taso daga titi. Ya juya a guje, ita ma ta bi shi, ko mayafi ba ta gyara ba.

Mutane sun kewaye keken. Masu gyaran waya sun bar rumfunansu, 'yan acaɓa sun tsaya, Amos na gaba da ƙarfen cire taya a hannu. Wani ya ɗaga labulen keken, ga matar a takure a lungu, ta ƙanƙame wani abu a ƙirji, abin kuma yana tsala kuka.

"Ɗan wa kika ɗauko?"

"Ki yi magana mana!"

"Kun gani, ta ƙi magana! Ɓarauniya ce!"

Hammajoda na ƙoƙarin kutsawa yana cewa matarsa ce, ɗansa ne, wani ya shaƙo wuyan rigarsa. Yagana ta ture na gabanta ta isa bakin keken. Abin da ta fara lura da shi, matar ba ta zabura in an daka tsawa a bayanta. Idonta kawai ke tsalle daga wannan baki zuwa wancan, tana bin leɓunan mutane. Sai ta zaro hannu ɗaya daga hijabin, ta taɓa kunnenta, ta kaɗa hannun, ta nuna jaririn, ta bugi ƙirjinta. Gaban hijabin ya jiƙe da nono.

"Ku matsa!" in ji Yagana, da muryar da ba ta taɓa ɗagawa a unguwar ba. "Ba ku da ido ne? Kurma ce! Ɗanta ne! Amos, ajiye ƙarfen nan. Baƙina ne, wurina suka zo."

"Mama, ai ke kika ce…"

"Na ce ka sa ido, ban ce ka tara gari ba."

Ta kama hannun matar ta sauko da ita, ta ratsa da ita tsakiyar mutane har cikin gida, ta danna sakata. Ta zauna a kan tabarma tana salati a ranta, tana tuna ƙarfen da ke hannun Amos, da kuma cewa daga bakinta abin ya faro.

Sunan matar Lailatu, jaririn kuma Mahfuz. Patience ta kawo ruwa, Lailatu ba ta sha ba sai da yaron ya kama nono ya yi shiru. Hammajoda ya zauna a bakin ƙofa da yagaggen wuyan riga, ya yi bayani. Zazzaɓi ne ya tafi da jin Lailatu tun tana ƙarama. Ta samu aikin koyar da ɗinki a wata makarantar kurame, hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, danginsu kuma duk suna ruga. Sun je gidajen raino biyu tare. A na farko da aka gane ba ta ji, aka daina kallonta, aka koma yi wa mijin magana kamar ita kujera ce. A na biyu ta ga masu rainon suna kwaikwayon hannunta suna dariya ta madubin taga. Shi ne ta ce daga yanzu shi zai shiga, ita ta tsaya daga nesa ta ga yadda gida yake in mai shi ta shagala da baƙo.

"To ƙofar baya fa?" in ji Yagana. "Da maganar a aiko wani?"

"Tambayoyinta ne, Mama. Duk unguwarmu an san ba a iya kiranta a ji muryarta. Ni kuma ina kan titi, wani lokacin ba na jin waya. Kowa zai iya zuwa ya ce ita ta aiko shi. Abin da ke hana ta barci ke nan."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta hana ni. Ta ce in kun sani za ku gyara fuska."

Lailatu na bin bakinsu da ido. Sai ta miƙa yaron ga mijinta, ta juyo ta fuskanci Yagana sosai, hannuwanta suka fara aiki da sauri. Babu alamar godiya a fuskarta. Hammajoda ya fassara.

"Ta ce… ki yi haƙuri, Mama. Ta ce duk zuwan da muka yi, in mai ruwa ya shigo da kurarsa ana barin ƙyaure a buɗe har ya gama juye jarkoki. Ta ce wancan karon wata yarinya mai jar riga ta rarrafo har bakin titi, mai ruwan ne ya mayar da ita da ƙafa."

Yagana ta juya ta kalli Patience. Patience ta kalli ƙasa.

Shekara da shekaru Yagana tana tuɓe 'ya'yan mutane tana sunsuna madararsu, yau ga wadda ta zauna a keke ta gano mata ɓaraka a ƙofar gidanta. Ta so ta ce ƙarya ne. Amma ta san mai jar rigar, ta kuma san lokacin tana zaure tana harare-hararen Hammajoda.

"Gaya mata ta yi gaskiya," ta ce a ƙarshe. "Ta tashi ta duba duk inda take so."

Lailatu ta duba kuwa. Ta ɗaga katifu, ta shafa gidan sauro tana neman huda, ta buɗe randa, ta sunsuna tawul, ta jijjiga sakatar ƙofar baya. Ta tsaya a kan wani yaro mai barci ta daɗe tana kallon numfashinsa, sannan ta tambaya ta bakin mijin ko ana ba su wani abu don su yi barci. Yagana ta buɗe mata kabad ɗin magani da hannunta. Tambayarta ta ƙarshe ita ce ko ana yi wa jarirai magana a gidan, ko kuwa sai sun yi kuka ake kula su. Mahfuz yana ji, in ji ta, kuma tana so ya tashi cikin surutu.

"Wannan kam Patience ta ishe shi," in ji Yagana.

Ba su ce za su kawo shi ba ranar. Sai da mako ya zagayo Hammajoda ya tsayar da keken a ƙofar gida, Lailatu ta sauko da jaka da yaro. Sharaɗi ɗaya suka ƙulla: ba mai fita da Mahfuz sai Yagana ta ga fuskar uwarsa ko ta ubansa, a zahiri ko a bidiyon waya. Yagana ta tuɓe shi ta duba kamar kowa. Da yamma Lailatu ta zo ɗauka, ita ma ta tuɓe shi a gaban Yagana ta duba, har tsakanin yatsun ƙafa.

Haka suka ci gaba. Lailatu kan faɗo gidan da tsakar rana ba sanarwa, ta tsaya a bakin falo ta ƙare wa kowa kallo ta koma. Yagana ba ta taɓa hana ta ba, ba ta kuma taɓa sabawa da abin ba. A hankali ta koyi alamar yunwa, da ta zazzaɓi, da ta "ya yi barci sosai", tana yin su da kaurin yatsunta ba tare da ta saki fuska ba. An yaye Mahfuz a gidan, ya fara tafiya a gidan. Da bakinsa ya buɗe sai aka ji Hausarsa ta fito da karin harshen Patience, yana ce wa mace "kai", Hammajoda ya yi ta ƙorafi a zaure, Yagana ta ce ya je ya kai ƙara inda ya ga dama.